Yadda Yayana Ya Bar Lissafi da Tsakuwa

Ni aka zo ɗauka, ba yayana ba. A shekarar nan kumandan, baturen da ke mulkin ƙasarmu, ya aika wa sarki cewa kowane gari ya ba da yara a kai su lakwal, wato makarantar nasara, mai gari kuma ya duba gidajen da ba su da bakin musu, ya nuna namu. Ƙauyenmu ɗan ƙarami ne a gabas da Matankari. Mu biyu ne maza a ɗakin innarmu: yayana, wanda ya riga ya fara riƙe hauya har an yanka masa 'yar gayauna, da ni da ko famfara ban gama ba.

Ran da gardi, ɗan sandan kumandan, ya iso da jar hularsa, na shige ƙarƙashin rumbu ina kuka. Yayana ne ya jawo ni ta ƙafa, ya karkaɗe mini ƙasa a kai, ya juya wajen babanmu.

"Baba, in tahiya za a yi da shi, a tahi da ni. Wanga ko kwana shi ɗaya bai iyawa."

Baba ya daɗe yana kallonsa. "Kai kuma wa za shi kama mini noma?"

"Na ji an ce ana sakin su da damana."

Gardi bai yi gardama ba, an aiko shi ya kawo ɗaya ga shi ya sami biyu. Kakarmu ta yanka wa doguwa, iskar gidanmu, baƙar kaza, ta roƙa kada karatun nasara ya kama mu, a gaji da mu a koro mu. Inna ba ta fito rakiya ba. Ta bayan dangar kara na hango ta tsaye da taɓarya a hannu, ba ta daka.

A Dogon Dutsi aka sauke mu gidan goggonmu, ƙanwar Baba, wadda ke auren wani mai fataucin gishiri da jakuna. Lakwal ɗin ɗaki ne na ƙasa da wata rumfar zana a gefe. Malamin, wanda kowa ke kira mushe, wato malam a bakin nasara, mutumin Dahome ne, dogo siriri, kullum cikin farar riga. Ba ya yi mana Hausa, mu kuma ba mu jin Faransanci, sai muka fara zama da shi kamar kurame. Ba zan ce mugu ba ne. Shi ma baƙo ne nesa da nasa, kuma yadda muke tsoronsa haka yake tsoron baturen da ke zuwa duba aikinsa.

Ni karatu ya zo mini ta kunne. Duk abin da mushe ya faɗa sai ya manne a kaina da sautinsa, ko na gane ko ban gane ba. In aka ce a rera jerin lissafi, muryata ce a sama. Yayana kuwa harshensa ya riga ya ƙosa da Hausa, kalmomin nasara ba su juyuwa a bakinsa. Shi ne babba a ajin, gwiwoyinsa ba su shiga ƙarƙashin benci, in ya buɗe baki yara su kwashe da dariya. Amma in aka zo kalkil, wato lissafi, sai ka ga ya gyara zama.

Da yatsu ya fara, kamar kowa. In an ce uku da biyar, sai ya ƙirga uku a hannu ɗaya, biyar a ɗayan, sannan ya koma farko ya bi su duka ɗaya bayan ɗaya. Wata rana muna komowa gida ta gindin dutse, sai ya tsaya cik a tsakiyar hanya.

"Kai, ashe wahalar banza nike! Biyar ɗin ga ai na san ta biyar ce. Mi za shi sa in sake ƙirga ta? Sai in riƙe ta a kai, in ɗora mata ukku. Shidda, bakwai, takwas."

Ya yi ta murna kamar wanda ya tsinci ƙwan zabi a daji. Duk hanya yana ba kansa lissafi yana amsawa, har ya gano cewa babban adadi ya kamata ya riƙe, ya ɗora ƙaramin, ko da ƙaramin aka fara faɗa.

Da lambobi suka fi ƙarfin yatsun hannu da na ƙafa, sai ya koma ga tsakuwa. A gindin dutsen nan ya tsince su. Jajaye manya su ne goma-goma, ƙanana masu haske su ne ɗaiɗai. Dama gwanin dara ne tun a ƙauye, don haka sai ya riƙa tona 'yan ramuka a yashi kamar zai yi wasa, ya jera lissafin a ciki. In rabawa aka ce, ya tona ramuka daidai yawan masu rabo, ya bi su yana jefa tsakuwa ɗaya-ɗaya har ta ƙare. Bayan wani lokaci ya ga abin na cin rana, sai ya fara raba jajayen tukuna, wadda ta ƙi rabuwa ya musanya ta da ƙanana goma. Ba wanda ya koya masa wannan. Kaka da ta ji labari cewa ta yi wata iska ce ke raɗa masa a kunne.

Abin da ya riƙa ba ni mamaki shi ne bai taɓa yar da tsohuwar dabara ba. Yau ya yi da tsakuwa, gobe ya yi da ka, amma in ya gaji, ko mushe ya tsaya a kansa, sai in ga yatsunsa na motsi a ƙarƙashin benci suna ƙirga tun daga ɗaya. Na taɓa yi masa tsiya a kan haka, ya ce da ni, "Don mutum ya sami gatari ba shi yar da hauya. Kowane aiki da abin yin shi." Daga baya na yi shekaru ina koyar da yara, na ga haka suke duka, suna gaba suna baya tsakanin sabuwar hanya da tsohuwa kafin ɗaya ta zauna. Amma a wurinsa na fara ganin abin.

Haka muka raba aiki tsakaninmu. Ni ne kunnensa, shi ne idona. In mun taso da yamma sai mu zauna a yashi bayan gidan Goggo, in maido masa abin da mushe ya faɗa kalma da kalma, in juya masa wanda na gane zuwa Hausa, shi kuma ya shimfiɗa shi a ƙasa. "Ga dammunan hatsi nan," yana nuna tsakuwa. "Ga rumbu. An ɗebe waɗanga. Duba da idonka, mi ya saura?" A hankali ni ma lambobi suka daina zama mini waƙa kawai, na fara ganin awaki da dammuna a cikinsu.

A shekara ta uku aka fara ba mu abin da suke kira furoblem, lissafi a cikin ɗan labari. Labaran kuwa na wata duniya ne: jirgin ƙasa ya tashi daga gari kaza, famfo na zuba a wani kwano na wanka. Mu da ko famfo ba mu taɓa gani ba. Aka ba mu wani da ruwa ke shiga ta sama yana fita ta ƙasa, aka ce yaushe kwanon zai cika. Yayana ya kwana biyu yana juya shi. Ran Lahadi ya ɗauko wani tsohon tulun Goggo mai tsaga a gindi, ya faɗaɗa tsagar da ƙusa, ya ba ni ƙoƙo ya ce in riƙa zubawa, shi kuma ya tara kwarya a ƙasa yana tafa hannu yana ƙirga. Muna cikin haka Goggo ta fito ta tarar da tsakar gida ta zama taɓo, ga ruwan da ta sha wuyar jawowa daga rijiya.

"La ilaha! Ku 'yan lakwal, karatun naku na huda tuluna ne?"

"Goggo, yi haƙuri, ni za ni ɗebo miki wani. Amma na gane shi! Abin da ya shiga ba duka ke zama ba. Sai ka hidda wanda ke tserewa, saura shi ke cika tulu."

Goggo ta bi shi da muciya, yana gudu yana dariya. Da yamma ya cika mata randuna duka. Ina yawan tuna wannan rana, don ban sake jin dariyarsa ta cika gida haka ba.

Ba a daɗe ba mushe ya kawo sabon tsari, wai haka baturen mai duba aiki yake so. Zai faɗi lissafi, ya ɗan dakata, ya buga sanda a tebur, kowa ya rubuta, ya sake bugawa, kowa ya ɗaga allonsa sama. Wanda sanda ta riske shi bai gama ba, da shi da wanda bai sani ba duk ɗaya ne. Yayana ba mai sauri ba ne. Yana son ya ga abu, ya juya shi, sannan ya amsa. Sai ya riƙa cusa hannu a aljihu yana lalubar tsakuwa a ɓoye.

Wata safiya ya miƙe zai ɗaga allo, aljihun ya yage, tsakuwa ta watse a daɓe. Mushe ya tako ya dubi allon. Amsar daidai take, amma ita kaɗai ce a kai, babu jerin lambobin da ake so a gani sama da ita. Ya tambaye shi da Faransanci ta ina ya bi ya samo ta. Yayana ya san ta ina ya bi, amma da Hausa ya sani, kuma duk wanda ya yi Hausa a aji ana rataya masa wani guntun ƙashi a wuya, ya yini da shi ana yi masa dariya. Ya buɗe baki ya rufe. Mushe ya dube ni, da yake kusa da yayana nake zaune, ya ɗauka a allona yayana ya kwafa. Ya sa aka tattara tsakuwar aka watsar ta taga, ya ce nan ba filin wasa ba ne. Ya yi masa bulala a tafin hannu, ya sa shi durƙuso a gaban yaran da bai kamata su ga hawayensa ba, sannan ya mai da shi bencin baya shi kaɗai.

A hanya na ce zan je in gaya wa mushe gaskiya. Ya ce, "Da wane baki? Kai ma rabin maganar ba ka iya hwaɗin ta. Bari, za ni samo wata hanya."

Ya kuwa nema. Ya gwada jan 'yan layuka a bayan allo ya goge da hannun riga, sanda ta riƙa riskarsa yana tsakiyar ja. Ya gwada ƙulla ƙulli a igiyar wandonsa, ya ga ba ta ɗaukar manyan lambobi. Ya gwada rufe ido ya jera tsakuwar a cikin kansa, wannan ta fi sauran, amma da ya ji takun mushe sai komai ya watse. Kowace dabara ya ba ta 'yan makonni, ya ga ba ta fid da shi daga duka, ya sake wata. Tafin hannunsa har ya yi kanta.

Da damana muka koma gida. Muna noma kunya da kunya, sai ya ce in riƙa karanto masa furoblem ɗin da aka ba mu a shekarar, da yake duk suna kaina. Ina yi yana saurare, ba ya neman amsa, sai dai ya ce in sake, in sake. Ran nan ya dogara da hauya ya ce:

"Tsaya. Ka lura duk inda anka ce rest, ɗebewa ake yi?"

Rest shi ne saura. Na yi tunani na ce haka ne.

"Inda anka ce antu, haɗawa. Inda anka ce shakan, rabawa."

Antu shi ne gaba ɗaya, shakan kuma kowane. Na bi su ɗaya-ɗaya a kaina, na ga bai yi kuskure ba.

"To shi ke nan," in ji shi. "Wanda ya ga sawun kura ba sai ya ga kura ba. Ba ruwana da labarin. In ji kalmar, in ɗauki lambobi, in yi abin da ta ce."

Da muka koma lakwal dabarar ta yi aiki fiye da yadda muka zata. Tun mushe bai rufe baki ba yayana ya fara rubutu. Allonsa ne ke fara tashi, da jerin lambobi tsaf yadda ake so. Bulala ta ɗauke. Aka dawo da shi bencin gaba. Wata rana mushe ya dafa kafaɗarsa a gaban kowa, ya ba shi sabon alƙalami. Na ji daɗi ƙwarai, don na gaji da ganin ana dukan yayana.

Sai dai zaman yashi ya mutu. In na kawo masa lissafin da ya gagare ni, ba ya ko zama, sai ya ce, "Nemi kalmar." Ni kuwa na riga na saba da ganin abin a ƙasa, in ban gani ba sai in ji kamar ina tafiya cikin duhu. Na koma ina zuwa bayan gida ni kaɗai, ina tona ramukana. Wata rana ya zo ya tsaya a kaina yana kallo. Na matsa masa wuri. Ya ɗan sunkuyo kamar zai zauna, sai ya miƙe.

"Bar wanga, ɓata lokaci ne. Ba gani suke so ba, sauri suke so."

Goggo ma ta lura. Na ji tana ce wa mijinta yaron nan tun da aka daina dukansa ya daina magana.

Da bazarar shekara ta huɗu aka yi jarrabawar da za a zaɓi waɗanda za su wuce Dosso su ci gaba da karatu. Baturen da kansa ya zo, ya ajiye agogonsa a kan tebur. Aka raba mana takarda da tawada maimakon allo. Lissafin farko, wanda har yau ban manta ba, cewa ya yi wani makiyayi ciwo ya shiga garkensa, tumaki tamanin da shida suka mutu, saura ɗari biyu da goma sha huɗu. Nawa ne garken tun farko?

Na rufe ido na ga garken, na ga matattu a gefe, na ga masu rai tsaye. Na mai da matattun cikin 'yan uwansu, na haɗa, na rubuta. Da na saci kallon yayana, ya riga ya gama ya ajiye alƙalami. Can sai na ga ya sake duban takardar. Fuskarsa ta canza. Ya kai hannu aljihu, ya fito da shi ba komai. Na ga babban yatsan ƙafarsa na jan layi a daɓe. Ya ɗauki alƙalami ya riƙe shi sama da takarda, bai rubuta ba, bai goge ba, tawada ta ɗigo. Haka ya zauna ana ta wuce shi. Sauran lissafin ma, daga baya na ji, rabi-rabi ya yi su.

Da muka fito ya ja ni gindin wata tsamiya.

"Nawa ka samu a na tumaki?"

"Ɗari ukku, Yaya."

Ya gyaɗa kai. "Na ji rest, na ɗebe. Ina aje alƙalami na ga abin da na yi. Ƙaƙa garke za shi hi yawa bayan mutuwa ta shige shi?"

"To da ka gani mi ya hana ka gyarawa? Ai da sauran lokaci."

Yana ta murza wani busasshen ganye a tafinsa.

"Idona ya ce haɗa, kalmar ta ce ɗebe. Shekara guda kalmar ba ta taɓa kai ni ga bulala ba, idona kuwa shi ya kai ni. Na rasa wa za ni yarda da shi."

Sakamako ya fito, sunana na ciki, nasa babu. Aka ce kuma shekarunsa sun wuce a bar shi ya maimaita. Ran da zai koma ƙauye, muna ɗaure masa kaya sai ga mushe a ƙofar gidan Goggo, abin da bai taɓa yi ba. Ya tsaya da hularsa a hannu, ya dubi Goggo, ya nuna yayana, ya yi wata karyayyar Hausa da ba mu san yana da ita ba.

"Yaro nan, kai nasa mai kyau. Mai kyau sosai."

Goggo ta ce, "To, mushe, mun gode." Yayana bai ɗago ba. Mushe ya ɗan tsaya kamar akwai sauran magana, Hausar ta ƙare masa, ya juya ya tafi.

Komawarsa gida ba ta yi daɗi ba. Sa'o'insa sun riga sun zama cikakkun manoma, wasu ana zancen aurensu. Shi ana kiransa ɗan lakwal, in ya yi kuskure a gona a ce nasara ya lalata shi, in ya yi daidai a ce ashe bai manta ba. Kaka kaɗai ke murna, tana cewa doguwa ta karɓi rabin roƙonta. Baba kuma ciwon baya ya kama shi, gonar duka ta koma wuyan yayana. Ya yi noma iya ƙarfinsa, amma damana biyu a jere ruwa ya ɗauke ana tsakiyar bunni, hatsin da aka samu bai kai a ga wata shekara ba. Sai ya ce zai bi 'yan cirani zuwa kurmi.

Tafiyarsu ta zo daidai da ƙarewar hutuna, sai muka taso tare a ƙasa. Akwatin ƙarfena shi ya ɗora a ka tun daga ƙauye, ya hana ni taɓawa, nasa ƙunshin yana rataye a kafaɗa. Muka kwana gidan Goggo, muka wuce Kore Mairuwa, inda hanya za ta raba mu: ni in jira mota zuwa Dosso, su su yi kudu ta Tibiri su tsallaka iyaka. Ranar kasuwa ce. Ina sanye da gajeren wando da rigar lakwal, shi da tsohuwar taguwa. Wani mai sayar da goro ya dube mu ya ce da shi, "Kai ne mai ɗaukar wa ɗan lakwal kaya?"

"Ƙanena ne," in ji yayana. Ya sauke akwatin a inuwa ya zauna a kansa.

Ya sayo mana ƙuli-ƙuli muka ci. Can ya ce, "Mi ake koya muku yanzu?" Na fara ba shi labarin yadda ake auna faɗin gona ba tare da an taka ta duka ba. Na ga ya matso, idonsa ya ɗan yi haske. Ya ce, "In gonar ba ta miƙe ba hwa? In tana da kwana kamar tamu ta bakin hwadama?" Na ce ba a kai mu nan ba tukuna. Ya ƙura wa ƙasa ido, leɓensa na motsi. Sai abokan tafiyarsa suka kira shi. Ya miƙe ya karkaɗe taguwa.

"Bar shi. In an koya muku ka hwaɗa mini in na komo."

Ya damƙa ni hannun yaron mota, ya ce a lura da ni. Na bi su da kallo har suka shige cikin jama'ar kasuwa, ban iya bambance kansa da na sauran ba.

Da na dawo hutu na gaba, 'yan cirani sun fara komowa, shi bai zo ba. An yi shukar fari ta ƙone, ana jiran wani ruwa a sake. Inna kullum tana bakin danga in ta ji muryar baƙi. Wata safiya, bayan an kwana ana ruwa, sai ga biyu daga abokan tafiyarsa sun yi sallama. Ɗaya na riƙe da ƙunshi. Tun kafin su zauna Inna ta gane ƙunshin, ta koma ɗaki.

Suka ce dako suka yi a wani gari mai yawan itatuwa, yana aikinsa ba ya faɗa da kowa. Ana shirin komowa zazzaɓi ya kama shi. Sun jira shi har ya ji sauƙi, suka taso, a hanya ciwon ya dawo. A wani ƙauye da ba su san sunansa sosai ba ya cika, mutanen wurin suka taimaka musu aka yi masa sutura.

Baba ya saurara har suka gama. Ya tambaya ko an yi masa salla, suka ce an yi. Ya tambaya ko an fuskantar da shi gabas, suka ce an fuskantar. Ya ce, "To, Allah shi jiƙan shi. Kun yi zumunci." Daga ɗaki muna jin muryar Inna ƙasa-ƙasa, Kaka na ba ta haƙuri ita ma tana kuka. Maƙwabta suka yi ta shigowa, aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, aka yini ana karɓar gaisuwa.

Washegari ƙasa na da sauran laima, kuma kowa ya san in ta bushe ba lalle a sami wani ruwan shuka ba. Baba ya fito da sassafe yana dafe da baya, ya ɗauki sungumi, ya miƙo mini ƙwaryar iri. Muka tafi gona. Yana gaba yana sara, ina biye ina jefa iri ina rufewa da diddige. In ya kai ƙarshen layi sai ya tsaya ya daɗe yana huci, ni kuma in tsaya a bayansa in jira. Rana ta take ba mu ci rabin gonar ba. Ya zauna a gindin gawo, ya ce in karɓi sungumin in gwada, shi zai bi ni da iri.